Masu Shakkar Daurawa, Ku Matso: Zancen Hannun Jarin Dangote Ne

Tun da Alhaji Aliko Dangote ya fara cewa zai kai matatar mansa ta Lekki kasuwar hannayen jari don kowa ya sayi rabonsa, majalisun unguwar Daurawa ta Kano suka samu abin taunawa bayan la'asar. Daga teburin mai shayi a Court Road ta Gyaɗi-Gyaɗi har rumfunan masu waya a Farm Centre, hukuncin ɗaya ne, kuma an yanke shi tun kafin a saurari shaidu: "Wayo ne kawai. Yaushe attajiri ya taɓa kiran talaka cin riba?" To, sannunku da hangen nesa. Ku gyara zama, yau da ku nake.

Alhaji, kai da ka rantse ko kwabonka ba zai shiga aljihun mutumin nan ba, bari in tambaye ka. Sukarin da aka zuba maka a shayi da safe, na wane ne? Gishirin miyar Hajiya fa? Katangar da ka zagaye filinka da ita, da toka aka buga bulonta? Man da ɗan adaidaita ya sha ya kawo ka asibitin Malam Aminu Kano, daga wace rijiya aka ɗebo shi? Kun daɗe kuna harka da shi, ranka ya daɗe, kullum ta Allah. Abin da ya rage kawai, kai a gefen masu biya kake tsaye, ba a kuma taɓa ba ka ko rasit ba.

Kada wani ya ce an saye ni. Ko buhun siminti rabi ba a aiko mini ba, kuma ban zo in ce wa kowa ya saya ba. Shakkarku ma ina sonta, don ita ce ta raya kasuwancin Kano tun zamanin fatake. Inda muka saɓa shi ne wurin da kuke ɗora ta. Kuna tsaye kuna gadin ƙofar da ɓarawo ba ya bi, ta bayan gida kuwa a buɗe.

Mu fara da kai, ɗan samari, mai cewa duk abin da aka ce ka zuba kuɗi ka jira riba to MMM ce ta sake riga. Ban ga laifinka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, a tsakaninsu kuma an yi wasu da yawa waɗanda ko suna ba su bari ba. Amma ka tuna abin da ya kai ka can: alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata ɗaya, ba gona, ba masana'anta, ba ko shagon da za ka je ka yi ihu a ƙofarsa. Nan kuwa masana'antar Obajana tana nan a Kogi, hayaƙinta na tashi, tirelolinta na cin hanya, har ka sha zaginsu a titin Zariya. Kamfanin simintin yana cikin kasuwar hannayen jari tun 2010, kuma doka ta tilasta masa buga lissafinsa duk wata uku, kowa ya gani. Za ka iya yin asara a kansa, ƙwarai kuwa. Amma asarar ɗan kasuwa za ka yi, wadda ake iya bin sawunta a ga inda aka yi tuntuɓe. Abin dariyar shi ne, kai da ka miƙa wa wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba kuɗin sadakinka ta waya, yau kai ne shugaban masu taka-tsantsan na unguwa.

Dattawanmu kuwa, waɗanda 2008 ta ƙona, a gabansu sai in cire hula. Su ba labari suka ji ba. A wancan lokacin bankuna har gida suke bin mutum, su ranta masa kuɗi ya sayi hannun jarinsu. Ma'aunin kasuwar ya haura 66,000 a Maris ɗin 2008, shekara guda bayan nan ya gangaro kusa da 20,000. Sai da ɗan Kano, Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sallami shugabannin bankuna biyar rana ɗaya a Agustan 2009. Wanda ya sayi Transcorp a kan naira 7.50 lokacin da aka yi ta shelarsa a matsayin kamfanin da zai riƙe komai, daga tarho zuwa otal zuwa mai, da idonsa ya ga ya faɗo ƙasa da naira ɗaya. Baba, wannan tabon gaskiya ne. Sai dai ka lura, abin da ya kashe mutane a lokacin shi ne saye da bashi, da saye don maƙwabci ya saya. Waɗannan cututtuka biyu har yau ba a samo musu riga-kafi ba, kuma ranar da aka buɗe sayar da hannun jarin matata za ka ga sun dawo da ƙarfinsu.

Sai Alhaji mai filaye, wanda amsarsa ga kowace tambaya a duniya ita ce "fili ba ya ruɓewa". Gaskiya ne, ba ya ruɓewa. Wanda ya sayi fuloti a Daurawa ko Darmanawa tun ana ganinsu bayan gari, yau sai dai a gaishe shi. Amma Alhaji, filin awon igiya nawa ka sani da aka sayar wa mutum uku, kowa da takardar mai unguwa a hannu? Ka manta da Yunin 2023, da katafila ta shiga shagunan Filin Idi da ginin Daula Otal? Masu wuraren nan su ma da takardunsu. Wanda ya tara baburan acaɓa ashirin yana karɓar balas kullum, shi ma cewa yake ya samu abin da ba ya faɗuwa, har Janairun 2013 da aka hana goyo a babur a cikin birni. Mai cusa kuɗi a ƙarƙashin katifa kuwa, sauyin takardun naira na farkon 2023 ya ishe shi wa'azi. Duk inda ka ajiye dukiya a ƙasar nan, sa hannun jami'in gwamnati ɗaya na iya juya ta. Ka riƙe wannan maganar, don za ta dawo a kan Dangote ɗin ma, da nauyi fiye da yadda kake zato.

Yanzu bari in juya kan 'yan ɓangarena, masu zumuɗi, don su ma ba za su tsira ba. Su ne masu cewa: "Ai namu ne. Jinin Alhassan Dantata ne, a Kano aka haife shi a 1957, duk abin da ya taɓa sai ya zama zinare. Ga siminti, ga sukari, ga taki, ga mai, in ɗaya ya faɗi ɗaya zai tashi." Kai ɗan'uwa, sannu. Wannan lissafin daidai ne, amma ga mai gidan. Kamfanonin nan 'yan uba ne: uba ɗaya, kowa da ɗakin uwarsa, kowa da tukunyarsa. In ka nemi auren 'yar ɗakin sukari, ba ka da ko loma a tukunyar ɗakin siminti. Uban gidan, wato Dangote Industries, shi ke zagaya ɗakunan duka yana cin girkin kowa, shi kuma ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa. Abin da aka daɗe ana sayar wa jama'a uku ne: Dangote Cement, Dangote Sugar da NASCON mai gishiri. Wanda ya sayi siminti yana murna wai ya shiga harkar mai, to ya yi cinikin biri a sama.

Kuma 'yan uban nan ba rabonsu ɗaya ba. A 2024 kamfanin siminti ya yi cinikin naira tiriliyan 3.58, ya fitar da ribar da ta haura biliyan 500 bayan haraji. A shekarar nan dai, da wadda ta gabace ta, kamfanin sukari asara ya bayyana. Ba don mun daina shan shayi ba, Allah ya kiyaye. Dalilin shi ne yawancin ɗanyen sukarin da yake tacewa a Apapa daga Brazil ake shigo da shi, da dala ake biya, naira kuwa aka sake ta a Yunin 2023 ta taso daga wajen 460 a kan dala ta haura 1,500. Bashin da ke kansa na dala ya kumbura a lissafin naira, ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Suna ɗaya ne a jikin buhunan biyu, amma mai hannun jarin wannan ya sha romo, mai na wancan ya haɗiyi yawu.

Batun kuma duk abin da ya taɓa zinare ne, mu Kanawa ne ya kamata mu fi kowa yin shiru a nan. Kadawa ba ta da nisa. Masana'antar tumatirin da aka buɗe a can a 2016, wadda aka ce za ta riƙa markaɗa tan 1,200 a rana, ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa ta sake rufewa. Tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Ebolar tumatir ta cinye gonaki a shekarar farko, daga baya kuma manomi ya ga kasuwa ta fi masana'anta biya, ya juya kwandonsa can. Kamfanin fulawa ma an sayar wa Tiger Brands ta Afirka ta Kudu a 2012, aka karɓo shi bayan 'yan shekaru, aka sake sayar wa Olam a 2019. Haɗe sukari da gishiri da shinkafa wuri ɗaya da aka yi shela a 2023, an jingine shi a 2024. Mutumin ɗan kasuwa ne, yana ci yana faɗuwa, abin da ya bambanta shi da mu shi ne in ya faɗi a Kadawa yana da Obajana da zai dafa ya miƙe.

To mu shiga matatar kanta, tunda ita ce amaryar da ake ta guɗa a kanta. Girmanta ba abin musu ba ne: ganga 650,000 a rana, kuɗin gini wajen dala biliyan 20. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ita ranar 22 ga Mayun 2023, ta fara fitar da dizal da man jirgi a Janairun 2024, fetur kuma a Satumbar shekarar. A gefenta ga masana'antar taki mai tan miliyan 3 na yuriya a shekara, wadda aka buɗe a Maris ɗin 2022. Abin da ya gyara mata hanya kuwa shi ne abin da ya fi ƙona mu. Mako ɗaya bayan ƙaddamarwar, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. Da gwamnati na nan tana danne farashi, babu mai matatar da zai iya sayar da fetur ya mai da kuɗinsa. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda ta shekara da shekaru tana haƙo ɗanyen mai tana sayo tatacce daga Turai, kasuwa ce da ko makaho ya san akwai ta. Ga kuma abin da ake fitarwa waje, man jirgi da taki, wanda ke shigo da dala. Mai matatar ma ya yi maganar biyan masu hannun jari ribarsu da dala, a Oktoban 2025 kuma ya ce zai faɗaɗa ta zuwa ganga miliyan 1.4 a rana. Na ga 'yan canjin Wapa sun ɗaga kunne.

Ku sauke kunnen tukuna. Ga inda nake so masu shakka su kawo shakkarsu, don a nan take da aiki.

Matata ba ta cin riba don fetur ya yi tsada. Ribarta ita ce 'yar tazarar da ke tsakanin kuɗin da ta sayi gangar ɗanyen mai da kuɗin da ta sayar da abin da ta tace daga cikinta. Tazarar nan ba Legas ke yanke ta ba, kasuwar duniya ce, kuma tana faɗi tana tsukewa. Shekarar da ta tsuke, kana iya tace ganga 650,000 kullum ka tashi da gumi kawai. Saboda haka, ɗan adaidaita, in ka ga lita ta hau kada ka ce mai hannun jari ya ci. Ta yiwu shi ma kuka yake, nasa dai a cikin mota mai sanyi.

Sai ɗanyen man kansa. Za ka ɗauka matatar da ke bakin tekun Najeriya ba za ta rasa man Najeriya ba. Sai ga shi ana loda jirage daga Amurka ana kawo mata. Abin da ƙasar ke haƙowa ya yi ƙasa da yadda yake a da, wani kaso kuma an riga an jinginar da shi kan bashi, irin dala biliyan 3.3 da NNPC ya karɓa ta hannun Afreximbank a 2023. An ƙulla yarjejeniyar sayar mata da ɗanyen mai da naira daga Oktoban 2024, aka samu tsaiko a Maris ɗin 2025, aka dawo aka ci gaba. Wato abin da matatar za ta ci gobe yana rataye da zaman da wasu za su yi a Abuja. Shi kansa NNPC, da aka shirya zai mallaki kashi 20 cikin 100 na matatar, da kashi 7.2 ya ƙare don bai cika kuɗin ba. A Yulin 2024 kowa ya ga yadda aka yi musayar yawu a bainar jama'a tsakanin Dangote da shugaban hukumar da ke sa ido kan harkar, kan ingancin dizal da lasisin shigo da mai. A Satumbar 2025 kuma rigima ta koma kan ƙungiyoyin ma'aikata: NUPENG kan direbobin motoci 4,000 masu amfani da iskar gas da kamfanin ya ce zai riƙa kai mai da su har gidajen mai, PENGASSAN kuma kan korar ma'aikata, har da yajin aiki. Mu nan Arewa abin ya shafe mu kai tsaye, don matatar Kaduna mai ganga 110,000 ta daɗe a kwance, duk litar da za ta iso Hotoro sai ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a bayan tanka.

Na uku, bashi. Ba da kuɗin aljihu kaɗai aka gina abin dala biliyan 20 ba. A Agustan 2024 kamfanin Fitch mai auna ƙarfin masu cin bashi ya sauke darajar Dangote Industries sosai, saboda ƙarancin kuɗi a hannu da bashin da lokacin biyansa ya matso. Shekara guda bayan nan aka sake tsara bashin dala biliyan 4 da taron bankuna, Afreximbank na gaba. An samu numfashi. Amma Hajiya, ke da kika riƙe adashe shekara da shekaru kin fi kowa sanin ƙa'idar: mai bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. In kuma za a ninka girman matatar, kuɗin ninkawar daga wani wuri za su fito, ko sabon bashi, ko ribar da da an raba muku. Wanda ya saya don ya ci a bana, ya san da wannan.

Siminti ya fi sauƙin fahimta, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar: Dangote mai ƙarfin sama da tan miliyan 50 a shekara in an haɗa da masana'antunsa na sauran ƙasashen Afirka, BUA ta Abdussamad Isyaka Rabi'u, wani ɗan Kanon, mai masana'anta a Kalambaina ta Sakkwato, sai Lafarge mai Ashaka. Tun 2002 gwamnati ta ɗauki manufar takura shigo da siminti don a yi shi a gida, kuma a inuwar nan suka yi ƙiba. Yanzu ga ma'aikatar ayyuka ta dage kan titunan kankare, irin na Sakkwato zuwa Badagry da na Legas zuwa Kalaba. Duk ranar da ka je Ƙofar Ruwa ka ji farashin buhu ka dafe kai, ka sani a wani wuri akwai mai hannun jari da ke hamdala. Sai dai inuwar da gwamnati ta yi, gwamnati na iya sare ta. Alhaji mai filaye, ga maganar da na ce ka riƙe.

Bari mu yi lissafin da ba a so a yi a majalisa, don yana kashe hira. Kamfanin siminti ya raba naira 30 a kan kowane hannun jari na shekarar 2024. A ƙarshen shekarar ana sayar da hannun jarin ƙasa kaɗan da naira 500. Wato wajen kashi 6 cikin 100, kafin a cire harajin kashi 10 daga cikin rabon. Hauhawar farashi kuwa a Disambar nan ta kai kashi 34.8. Mai jiran rabon riba kaɗai ya ci tuwo, to miyarsa ba ta kai ba. Sauran fatansa yana kan farashin ya hau. Ya kuma hau ɗin: a farkon 2024 ya tashi daga wajen naira 320 ya haura 700 cikin makonni. Wanda ya shigo a ƙasa ya yi dariya. Wanda ya ji labari a majalisa ya ruga ya saya a can sama, kafin shekara ta ƙare sulusin kuɗinsa ya narke. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, ribar kamfani na hawa, amma mutum biyu labari biyu. Kamfani mai kyau ma in ka saye shi da tsada ka saya wa kanka ciwon kai, kuma ranar da ake guɗa ita ce ranar da aka fi tsawwala farashi.

Ka kuma san matsayinka a gidan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kamfanin siminti yana hannun uban gida. Za a aiko maka da takardar gayyatar taron shekara, za ka iya zuwa Legas ka ɗaga hannu ka yi jawabi mai zafi, a tafa maka, a ba ka lema da ɗan abin taɓawa. Ƙuri'a kuwa an gama ta tun kafin ka hau mota a Unguwa Uku. A matatar ma ɗan kaso ne ake maganar sakin wa jama'a. Abokin tafiya kake, sitiyari na hannun wani.

Akwai wani maƙwabcinmu da ya ce shi ba zai yarda da wani zancen makamashi ba sai ranar da fankarsa ta kwana tana juyawa. Yallaɓai, wannan ƙarar ba a nan kotun za ka shigar da ita ba. Duhun da muka sha a Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, Arewa ta yi kwanaki ana sayen ƙanƙara kamar zinare, ba matata ce ta jawo shi ba. Hasali ma ita ba ta jira kowa ba, tashar wutarta ta gina mai megawat 435, wadda sau da yawa ta fi abin da KEDCO ke samu ta raba wa Kano da Katsina da Jigawa. In wutar ce kake son saka kuɗi a ciki, ga Geregu da ta shiga kasuwa a 2022, ga Transcorp Power da ta shiga a Maris ɗin 2024 a kan naira 240. Amma kafin ka taɓa aljihu ka tambayi nawa suke bin bashi, don kamfanonin samar da wuta sun yi ta kukan suna bin gwamnati wajen naira tiriliyan 4 a 2025. Riba a takarda daban, kuɗi a asusu daban. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai kuwa, bututun gas na AKK mai kilomita 614 suke jira, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, aka kuma sha sa masa ranar gamawa.

Allah gafarta Malam, na ga tun ɗazu kana gyaran murya. Tambayarka ita ce mafi nauyi, ba kuma zan yi wasa da ita ba. Sayen hannun jari shiga tarayya ne a cikin dukiya da ciniki, a ci tare a yi asara tare, ba bayar da rance don karɓar ruwa ba. Inda malamai ke tsayawa shi ne sana'ar kamfanin, da yawan bashin ruwa da ke kansa, da abin da ke shigo masa ta hanyar ruwa. Tun 2012 kasuwar tana da ma'aunin Lotus da ke tace kamfanoni a kan irin waɗannan sharuɗɗa, yana fitar da masu giya da bankunan ruwa da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma ana sake duba jerin lokaci-lokaci. Kamfanin da ke ɗauke da bashin biliyoyin dala, dole a auna shi a wannan sikelin kafin a ce komai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a Satumbar 2017 da naira biliyan 100 don gyaran tituna 25. Fatawa dai taku ce, Malam, ni nawa kawo lissafi.

Ku kuma Zage-zagi da ke mana dariya, wai Bakano ba ya sa kuɗinsa inda ba zai je ya ƙirga buhuna da hannunsa ba, mun ji, mun gode. Ku da kuka iya boko, ranar da takardar tayin ta fito ku karanta mana ita tsaf. Ku tsallake hotunan tankuna da jawabin shugaba, ku nemo shafin bashi: nawa ne, da wane kuɗi, yaushe za a biya. Ku duba kuɗin da za a tara, aljihun kamfani za su shiga a yi aiki da su ko na mai sayarwa. Ku ga ribar shekarun baya da aka tantance, ku raba farashin da ita. In kun gama ku zo Kwari mu ranta muku kuɗin saye.

Mai niyya kuma ya bi ta hannun dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista, ya buɗe asusun ajiyar hannun jari na CSCS da sunansa, ba da sunan yaron shago ba. Kasuwar hannayen jari ta buɗe reshe a Kano tun 1989, ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa yana da hanyar samo maka hannun jarin matata ta bayan fage kafin kowa, ka gaishe shi, ka ce ɗan samarin can na Farm Centre yana nemansa, suna da tsohon lissafi.

Baba kuma, kai da ka ce an cinye maka kuɗi tun 2008 ka rufe babin, a taimaka a buɗe akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar hannun jari da masu ita ba su zo sun karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Da yawa na mutanen da suka sauya gida ne, ko suka sayi hannun jari da suna iri uku don su samu kaso mai yawa, ko suka rasu magada ba su sani ba. Wasu takardun sun mutu tare da bankunansu, wasu kuwa suna nan da rai, shekara goma sha suna tara maka 'yan kuɗi a wurin magatakardan kamfani. Fom ne za a cike a banki, a haɗa da lambar BVN, a riƙa turo maka kai tsaye. In an samu wani abu, ba na neman la'ada. Shayi dai na majalisa na mako guda a kanka yake, kuma mai shayi ya cika sukari.